Boris ɗin taya ya sake yin ƙara bayan an canza shi: ina matsalar take?

Tambaya: Motata ƙarama ce, mai ja da tayoyin gaba. Da zarar gudu ya haura kilomita 60 sai in ji wani gurnani daga gaba, kuma yana ƙaruwa idan na ƙara wuta. An ce mini boris ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne watanni kaɗan da suka wuce aka canza boris ɗin wannan gefen. Jabu aka saka mini? Zan iya canza shi da kaina? Kuma dole ne sai na canza na gefe biyun?

Amsa: Ɗan'uwa, boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, idan na ƙwarai ne aka kuma ɗaura shi yadda ya kamata, yakan haura kilomita 100,000 ba a ji muryarsa ba. Wanda ya fara kuka bayan 'yan watanni, galibi ɗayan biyu ne: ko jabu ne, ko kuma an ji masa rauni tun ranar da aka saka shi. Jabu yana nan, ban musa ba. Amma a abin da na gani a wannan sana'a, na biyun ya fi yawa, kuma shi ne ba a son faɗa, domin ɗora laifi a kan kaya ya fi sauƙi. Saboda haka a kan yadda ake saka shi zan fi tsayawa.

Kafin nan dai a tabbatar boris ɗin ne. Abubuwa uku ne ke ƙara a wajen taya kuma ake rikita su: boris, tayar kanta, da kan shaf, wato mahaɗin da ke ƙarshen sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa taya. Kan shaf ba ya wahalar ganewa, ƙas-ƙas-ƙas yake yi idan ka karya sitiyari sosai kana tafiya a hankali. Taya ce mai yaudara. Idan ta cinye ba daidai ba, ta yi tudu da kwari a gefenta, gurnaninta ba shi da maraba da na boris. Shafa tafin hannunka a kan dukkan tayoyin, ka ji ko akwai wadda ta yi gargada. Idan kana shakka, mayar da na gaba baya, na baya gaba, ka sake hawa titi. Ƙarar ta bi tayar zuwa baya, to boris ba shi da laifi. Ƙarar taya kuma takan sauya idan ka tashi daga kwalta mai santsi zuwa mai kaushi, ta boris kuwa babu ruwanta da irin titin.

Ƙarar boris gudun mota take bi, ba gudun inji ba. Samu miƙaƙƙen titi da babu cunkoso, kai gudun da kake jin ƙarar, ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka sauya giya. Kukan inji zai sauya, amma gurnanin zai tsaya yadda yake. Daga nan sai ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali. Idan ka karkata hagu nauyin mota yana komawa kan tayoyin dama, idan ka karkata dama yana komawa hagu. Boris mai ciwo yakan ƙara kuka idan aka ɗora masa nauyi, ya yi sauƙi idan aka sauke masa. Wato ƙarar da ke ƙaruwa a kwanar hagu, galibi ta boris ɗin dama ce. Na ce galibi, domin boris na zamani layi biyu na ƙwallaye ne a cikinsa, kuma wani lokaci layin da ya lalace yakan sa lissafin ya juye. Wannan ya shafe ka kai tsaye. Mai yiwuwa ne wancan karon lafiyayyen aka cire, aka bar marar lafiyan yana nan yana ci gaba da kukansa. Ka tuna da kyau: bayan wancan gyaran, ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya sannan ta dawo, ko dama ba ta taɓa ɗaukewa ba?

Hukuncin ƙarshe sai an ɗaga motar. Kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka jijjiga ta ciki da waje. Idan ka ji tana wasa, sa wani ya taka birki da ƙarfi ka sake jijjigawa. Wasan ya ɓace, boris ne, domin birkin ya damƙe faifai ya hana hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kanta, motsi. Wasan yana nan, to a duba bol-joyin da sauran mahaɗan ƙafar. Sai dai boris na iya yin ƙara sosai ba tare da ya yi wasa ko kaɗan ba, don haka rashin wasa bai wanke shi ba. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka ɗora hannu a kan sifirin ɗin shokzoba, ka juya tayar da ɗaya hannun. Boris mai lafiya ba za ka ji komai ba. Mai ciwo kuwa za ka ji ƙaiƙayin gurzarsa yana hawowa ta cikin sifirin zuwa yatsunka. Gwada gefe biyun ka kwatanta.

Ko za ka iya yi da kanka, wannan ya danganta da irin boris ɗin da ke motarka, kuma iri uku ne. Akwai na da, mai 'yan sanduna masu tsini ta gefe ɗaya, wanda ake sakawa biyu suna fuskantar juna, a cika su da giris, a daidaita su da noti. Wannan shi ne wanda Henry Timken, wani maƙerin keken doki a Amurka, ya yi wa rajista a 1898, kuma har yau ana samun sa a tayoyin baya na tsofaffin ƙananan motoci, da gaban wasu motocin ɗaukar kaya, da tireloli. Akwai na biyu, dunƙulalle a rufe da giris ɗinsa a ciki, wanda ake danna shi cikin gidansa da injin matsa. Akwai kuma na uku, wanda ya zo haɗe da hob ɗinsa, kusoshi uku ko huɗu ne kawai ke riƙe da shi ta baya. Na ukun kowa mai kayan aiki da natsuwa zai iya canza shi. Na farkon ma haka, idan ya fahimci ɗaurin notin. Na biyun shi ne ya fi yawa a gaban ƙananan motoci masu jan gaba irin taka, kuma shi ne aka fi kashewa wajen sakawa. Idan ba ka da injin matsa, ko kayan jan boris masu dogon zare da faranti-faranti, shawarata ka kwance gidan boris ɗin da kanka ka kai wa mai injin, ka tsaya a kansa har ya gama.

Kwancewar ba ta da wani sirri. Motar ta tsaya a ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, a ja hambirki, a sa weji a tayoyin baya. Babban notin da ke kan shaf, a tsakiyar taya, yana da makulli: ko fin da aka lanƙwasa, ko leɓen notin da aka doka cikin wani tsagi. Buɗe makullin tukuna, in ba haka ba za ka cinye zaren shaf. Karya ƙarfin notin kaɗan kawai tun motar tana ƙasa, kada ya wuce kwatan zagaye, sannan ka sassauta notunan taya ka ɗaga. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Sa matokarin ƙarfe a ƙarƙashin motar kafin hannunka ya shiga, domin aikin nan akwai jijjiga da ja da ƙarfi, kuma mutane sun rasa rayukansu a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Cire kalifar birki, wato abin da ke damƙe faifan birki, ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kada nauyinta ya rataya a kan tiyon man birki. Cire faifan birki. Zare na'urar ABS, wato ta tsarin da ke hana taya cijewa idan an taka birki, daga raminta a hankali, ka kawar da wayarta gefe. Raba tayrod, wato sandar sitiyari, da bol-joyin daga gidan boris. Kusoshi biyun da suka haɗa gidan boris da shokzoba, yi musu alama da fenti kafin ka kwance, saboda a wasu motoci su ne ke riƙe da tsayuwar taya. Idan shaf ya ƙi fita daga hob saboda tsatsa, kada ka dirka wa bakinsa guduma, zaren zai buɗe noti ya ƙi hawa. A tura shi da abin turawa mai zare, ko a mayar da tsohon notin ya yi daidai da bakin a buga ta kan guntun tagulla.

To, ga inda aikin yake. Boris zobe biyu ne, na waje da na ciki, ƙwallaye suna gudu a tsakaninsu a kan hanya mai santsi da aka goge ta fiye da yadda ido zai iya tantancewa. Kowace ƙwallo wuri ɗan mitsitsi take taɓawa a kan wannan hanya. An ƙera su ne su ɗauki nauyi suna birgima, ba su ɗauki duka ko matsi suna tsaye ba. Duk ƙarfin da ya shiga ta zobe ɗaya ya fita ta ɗayan, ta cikin ƙwallayen ya bi, kuma kowace ƙwallo sai ta bar ɗan lotsawa a inda take zaune. Ba za ka gan shi ba. Ka juya boris ɗin da hannu ma za ka ji shi lafiya lau. Amma tayar da kewayenta ya kai mita 2 tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita, kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya idan kana gudun kilomita 100. Lotsawar nan kamar ramin titi take: yau ƙarama ce, duk ƙwallon da ta faɗa ciki sai ta ƙara faɗaɗa ta, har ƙarfen ya fara ɓarewa. Watanni kaɗan sun isa.

Ƙa'idar ke nan guda ɗaya: zoben da ake tura shi cikin matsi, shi kaɗai ake dannawa. Lokacin da ake saka boris cikin gidansa, zoben waje ne ke shiga da ƙarfi, don haka abin dannawar ya zauna a kan zoben waje kawai, kada ya taɓa na ciki ko murfin roba. Tsohon zoben waje da aka ɗan rage faɗinsa yana yin wannan aiki da kyau. Lokacin da ake saka hob cikin boris kuwa, zoben ciki ne ke karɓarsa, don haka dole a tokare zoben ciki ta baya da wani bututun ƙarfe daidai faɗinsa. Nan ne aka fi yin ɓarna. Mutum ya saka boris ɗin lafiya, sai ya ɗora gidan a kan faranti ya danna hob ba tare da ya tokare zoben ciki ba. Duk ƙarfin matsin da injin ya bayar ta kan ƙwallayen ya wuce, wani lokaci ma, da yake zoben ciki rabi biyu ne, rabin na baya ya fito waje, a mayar da shi da hannu a ce babu komai. Akwai komai. Wanda kuwa ya buga hob da guduma, wannan boris ɗin ya gama yawo tun motar ba ta sauka daga jak ba.

Akwai ƙananan abubuwa a wannan mataki da ke da nauyi. Idan aka fitar da hob daga tsohon boris, kusan kullum rabin zoben ciki yakan maƙale a wuyansa. A ja shi da abin ja, ko a yi masa tsagi da injin yanka ba tare da an kai ga wuyan hob ba, sannan a tsaga shi da kurfi. Sa gilashin kare ido, ƙarfen boris mai tauri ne kuma tartsatsi yake yi idan ya fashe. Duba wuyan hob ɗin. Idan tsohon zoben ya taɓa juyawa a kansa ya cinye shi, ko ya yi shuɗi saboda zafi, sabon boris ba zai kama shi ba, sai a sake hob. Ramin gidan boris ma a wanke shi tas, a kankare tsatsa, a duba ko ya buɗe. Boris ɗin da ya shige gidansa ba tare da wani ƙarfi ba, gidan ya lalace. Ya shiga a miƙe tun daga farko, idan ya karkace a tsaya a gyara, kada a ce injin zai miƙar da shi. Zoben kulle da ke tare shi a mayar da sabo, a tabbatar ya zauna cikin kwarinsa duka kewaye. Sannan a motoci da yawa masu ABS, murfin boris na gefe ɗaya yana ɗauke da maganaɗisu, shi na'urar ke karantawa ta san gudun taya. Wannan gefen dole ya fuskanci na'urar. Kusanto da allura jikin murfin, gefen da ya ɗan ja ta shi ne. Idan aka juya shi, fitilar ABS za ta kama, kuma babu gyara sai an sake sayen wani boris, domin ba a fitar da shi da rai.

Abu na biyu da ke kashe sabon boris shi ne babban notin shaf. Mutane suna ɗauka shaf kawai yake riƙewa. A'a. Zoben ciki na irin wannan boris rabi biyu ne, notin ne ke matse su wuri ɗaya, kuma wannan matsin ne ke ba ƙwallayen daidai zaman da aka tsara musu. Ya yi sako-sako, rabin biyun su buɗe, taya ta riƙa wasa, ƙwallaye su riƙa dukan gefen hanyarsu. Ya wuce kima, zafi ya tashi, giris ya ƙone. Awon ya bambanta daga mota zuwa mota, da yawa suna tsakanin 180 da 300 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), wasu kuma ana ɗaure su zuwa wani awo sannan a ƙara wani kusurwa na zagaye. Nemi ainihin lambar motarka a littafin gyaranta, ka ɗaure da sifana mai awo. Bindigar iska ta kwancewa ce. Hawa kan dogon bututu da ƙafa kuma ba awo ba ne. Sa sabon noti, domin leɓen tsohon ya riga ya gaji. Kuma kada nauyin mota ya sauka a kan boris ɗin, balle a tura ta ko taku ɗaya, alhali notin bai ɗauru ba. Sa wani ya taka birki ka ɗaure tun tana sama.

Idan naka mai haɗe da hob ne, duk wahalar matsawa ta wuce ka, abin da zai ba ka aiki tsatsa ce da ke manne shi da gidansa. Bayan ya fita, goge mazaunin har ƙarfe ya yi haske, domin ɗan ɓarɓashin tsatsa a ƙarƙashinsa zai sa ya zauna a karkace, faifan birki ya riƙa kaɗawa. Kusoshinsa a ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, zuwa awonsu.

Mai 'yan sanduna kuwa dokarsa ta saɓa wa ta sauran, kuma wanda ya saba da na zamani yakan yi kuskure a nan. Ba a ɗaure notinsa tam. Ana canza shi ne tare da zoben da yake gudu a kai, ba a haɗa sabo da tsohon zobe. A cusa giris mai jure zafi ta faffaɗan gefen har ya ɓullo ta ɗaya gefen, kada a cakuɗa giris iri biyu, kada kuma a cika ramin hob maƙil. A sa sabon sil, wato robar da ke hana giris fita. Sannan a ɗaure notin matsakaici ana juya taya don sandunan su zauna, a sassauta, a mayar da shi da ƙarfin yatsu, a sa sabon fin. A yawancin motoci ana barin ɗan wasa da bai wuce 0.03 zuwa 0.13 na milimita ba. Idan ramin fin bai zo daidai ba, baya ake komawa kaɗan, ba gaba ba.

Game da jabu, sunayen da aka sani a wannan fanni su ne irin su SKF, FAG, NSK, NTN, Koyo da Timken, kuma saboda an san su ne ake buga sunansu a kwalin kayan banza. Sayi a wurin da za ka iya komawa idan an samu matsala, ka bayar da lambar shasin motarka don a ba ka daidai nata, musamman saboda bambancin mai ABS da marar shi. Boris ɗin da aka ciro daga wata mota, idan irin na dannawa ne, kada ka karɓa ko kyauta ne, fitar da shi ɗin ma ya riga ya raunata shi.

Ba dole ba ne ka canza gefe biyun. Birki da shokzoba ne ake canzawa bibbiyu saboda aikinsu ya daidaita, boris kuwa kowanne da ransa. Gwada ɗaya gefen kamar yadda na bayyana, idan shiru yake kuma ba ya wasa, bar shi. Abin da ba na so shi ne ka ci gaba da doguwar tafiya da wannan mai ƙarar. Gurnani kaɗai yana iya ɗaukar lokaci, amma babu mai iya faɗa maka ranar da zai wuce nan. Idan ya fara wasa, faifai yana tura fad ɗin birki baya, sai ka ji feda ta yi zurfi a takun farko. Idan ya ƙone, yana iya cijewa ko ya saki hob, kuma a kan gudu hakan ke faruwa. Ka ji ƙarar ta koma gurza, ko tsakiyar tayar ta yi zafin da ya fi na ɗaya gefen nesa ba kusa ba, ajiye motar.

Ka kuma duba abin da zai iya cinye sabon ko da an saka shi daidai: faɗawa rami da gudu, dukan gefen titi, shiga ruwa mai zurfi alhali hob yana da zafi, fesa ruwa mai ƙarfi kai tsaye a kan murfinsa wajen wanki, da rim mai faɗi ko faranti da ke turo taya waje fiye da yadda aka tsara. Har walda tana kashe boris, idan mai waldar ya maƙala wayar ƙasa a inda wutar za ta ratsa ta cikinsa kafin ta kai wurin da yake aiki.

Bayan ka mayar da komai, ɗaure notunan taya a giciye da sifana mai awo, a yawancin ƙananan motoci tsakanin 100 da 140 Nm. Taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri kafin ka motsa, domin takun farko bayan an cire kalifa yakan tafi ƙasa babu kamu. Yi 'yar tafiya a hankali, ka ga fitilar ABS ta mutu, ka kai gudun da kake jin ƙarar a da, sannan ka tsaya ka kwatanta ɗumin tsakiyar tayoyin biyu. Tunda an raba gidan boris da shokzoba, kai motar a duba alaimen, wato daidaiton tsayuwar tayoyi, ka kuma sake bin notunan taya da sifana bayan ka yi kamar kilomita 50 zuwa 100.